Abarba a Burito, Ko Sun Ƙi Ko Sun So

Talata, 10 ga Yuni, biyar na asuba

Na tashi yadda na saba. Ba wanda ya ce kada in tashi.

Na ɗora kasko, na yanka albasa, na ɓare sosej ɗin naman sa na marmasa shi a mai. Da ya fara ƙamshi na zuba abarba ƙanana-ƙanana, na bar ta ta ɗan ƙone a gefe yadda mijina Nicanor ke so. Ƙwai daga ƙarshe, wuta ƙasa-ƙasa. Mangwaro da attarugu da lemun tsami a kwano daban. Sai da na gama naɗe burito a tortiya, siririyar gurasar nan, na jera su a kula, sannan na tuna yau ba mai ɗaukar kular.

Jiya jami'an shige da fice suka tafi da shi, a filin ajiye motoci na kantin kayan gini. Ƙusa ya je saye. Rigo, abokin aikinsa na rufin gidaje, shi ya dawo mini da a-kori-kurar. Ya tsaya a ƙofa yana murza hula kamar wanda ya zo ta'aziyya.

"Doña Ofelia, cikin farar mota suka zo, marar rubutu. Sunansa suka kira. Sun san wanda suke nema."

"Ya ci abincinsa?"

Ya dube ni kamar na zare. "Ya ci rabi."

"To."

Shekara talatin da ɗoriya muna gidan nan na Tucson. Ni a garin nan aka haife ni. Shi daga Veracruz, can wata ƙasa a tsallaken iyaka, ya zo yana saurayi ba takardu, an taɓa mayar da shi sau ɗaya, ya sake dawowa. Maganar ke nan, kuma ba zan sake rubuta ta ba.

Talata, da yamma

Chelo maƙwabciyata ta leƙo ta katanga, tana magana ƙasa-ƙasa kamar a coci.

"Ƙawata, sauke labulenki, ki kashe rediyon nan. Duk layin nan ba wanda ya leƙa waje yau."

"Gidana ne. Wa na kashe?"

"Ba ki kashe kowa ba, sai burito da kike kashewa kullum da abarba."

Don in yi dariya ta faɗa, na kuwa yi mata. 'Yar Sonora ce, nan tsallaken iyaka, a wurinta burito nama ne da ƙwai da dankali da barkono, duk abin da ya wuce haka saɓo ne. Na miƙa mata biyu ta kan katanga. Ta ce ba za ta ci ba, amma ta karɓa, wai na kare ne. Chelo ba ta da kare.

Labule yana nan a ɗage. Na ma ƙara wa rediyo murya.

Laraba, da asuba

Na yi. Sun huce a kan tebur.

Alhamis, 12 ga Yuni, da hantsi

Na ɗauki kula na tafi gidan Rigo. Matarsa ta buɗe ƙofa kaɗan, sai da ta ga ni ce ta zare sarƙa. Yana zaune a falo da takalmin aiki a ƙafa, alhali ba inda za shi.

"Ina sauran abokan aikinku?"

"Kowa na gidansa. Lalo ya ce ko shara ba zai fitar ba."

"Rufin Misis Halvorsen fa?"

Tsohuwa ce, malamar makaranta da ta yi ritaya, ita kaɗai a gida tana jan tukunyar iskar numfashi duk inda ta shiga. Makon jiya Nicanor ya yaye mata rabin rufi, ya tarar katakon ƙasa duk ya ruɓe. Ya shimfiɗa tamfol, ya ce mata kafin ruwan farko an gama.

"Ta nemi wani kamfani," in ji Rigo.

"Wane kamfani zai kula ta kafin Agusta? Damina ta kusa. Iska ɗaya za ta yi gaba da tamfol ɗin nan, ruwa ya sauka a kan gadonta."

"Doña, 'ya'yana uku."

Na sani. Ni na riƙe ta tsakiyar ranar da aka yi mata baftisma. Na ce masa ban zo in tilasta wa kowa ba. Amma layin gidan tsohuwar, hanyar shiga ɗaya gare shi. Zan ajiye mota a bakin layi in zauna. In na ga abin da ban yarda da shi ba, zan danna ham, su sauka ta baya su bi busasshen rafi.

"Ke ce za ki yi mana gadi?"

"Me suka isa su yi mini? Su mayar da ni asibitin da aka haife ni?"

Ya buɗe kula ya ɗauki ɗaya. Ya ci rabi, hawaye na zubo masa.

"Kin ƙara attarugu."

"Haushi nake ji."

Ya ce Litinin. Ya ce zai yi wa Lalo magana, amma bai yi alkawari ba.

Juma'a, da rana

Nicanor ya kira. Wata muryar inji ta fara gaya mini wai ana naɗar maganarmu. To, su naɗa.

"Tsohuwa."

"Tsoho. Ina suka kai ka?"

"Wani wuri a hamada, ta hanyar Phoenix. Sanyi kamar cikin firji. Kin san abin da suka ba mu da safe? Wani abu rawaya, wai ƙwai. Na ce wa mai rabo, kazar da ta yi wannan a kai ta asibiti."

"Maganin hawan jininka fa?"

"Sun ce gobe."

"Gobe."

Ya tambayi rufin tsohuwa. Na gaya masa yadda muka yi da Rigo.

"Ke dai ba ki da hankali, Ofelia."

"Da ina da shi ai da ɗan Sonora na aura."

Ya yi dariya, ta koma tari. Daf da za a yanke ya faɗi wata magana a hankali. Wannan tawa ce, ba ta takarda ba.

Litinin, 16 ga Yuni, da yamma

Biyu suka zo, Rigo da Lalo. Lalo ya kwanta a kujerar baya duk tsawon hanya da hula a fuska, wai barci yake ji. Na bar masa barcinsa.

Na zauna a bakin layi tun gari bai gama wayewa ba har rana ta fara dukan mutum. Sitiyari ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Na ga mai wasiƙu, na ga wata mata da karnuka, na ga motar shara. Kowace farar mota sai da na ɗora hannu a kan ham. Ban san garin nan ya cika da fararen motoci haka ba.

Misis Halvorsen ta aiko mini da ruwan sanyi a hannun Rigo, da saƙon wai in shigo inuwa. Na aika mata da burito ɗaya. Ya dawo ya ce ta cinye tas, tana tambaya ko abarba ce take ji ko bakinta ne ya lalace.

Aikin mutum huɗu ne a hannun mutum biyu, kuma zafi ba ya bari a wuce tsakar rana a kan rufi. Zai ja.

Laraba, da asuba

Lauya ta yi ta magana jiya. Tana da kirki, tana da zobba masu kyau. Ba ta faɗi komai ba.

Asabar, 21 ga Yuni, da yamma

Maritza ta zo daga Phoenix da kayan aikin asibiti a jikinta, ko canzawa ba ta yi ba. 'Yata ce tilo, kuma halina ta ɗauko, shi ya sa ba ma jimawa a ɗaki ɗaya. Ta shigo da kwalaye a naɗe a hammata.

"Mama, tattara abin da kike buƙata. Ɗakin baƙi na nan na gyara miki."

"Ni baƙuwa ce?"

"Kada ki fara."

"Ke kika fara, da kwalayenki."

Ta ga kula a kan tebur, ta ga abarba uku jere a taga. Wani ya riga ya tsegunta mata, na san Chelo ce.

"Gaskiya ne gadi kike yi musu? Kin san za a iya ɗora miki laifi a kan wannan?"

"Zama a mota laifi ne? Motar mijina, ham ɗin mijina."

"Shekararki sittin! A wannan zafin! In kika faɗi wa zai ɗauke ki?"

"Ke. Ba aikinki ba ne?"

Sai ta faɗi abin da ta zo faɗa. Ta ce Baba ba zai dawo gidan nan ba, lauya ta gaya mini, ita ma ta gaya mata, ni ce kawai na toshe kunne. Ta ce ina dafa wa mutumin da ba ya nan abinci kamar mahaukaciya.

Ban mare ta ba. Na so. Na miƙa mata wuƙa da mangwaro na ce ta yanka mini na Litinin. Ta karɓa don ba ta san me za ta yi da hannunta ba. Ta yanka shi manya-manya, yadda na hana ta tun tana ƙarama, tana yi tana kuka a kan katakon yanka. Na tsaya a bayanta na riƙe mata gashi kada ya shiga ciki.

"Ni ma ubana ne, Mama."

"Na sani, 'yar nan."

Ta tafi ba ni. Kwalayen ta bar su a baranda. Ban taɓa su ba.

Lahadi, bayan coci

An yi addu'a ga "iyalan da ke cikin damuwa". Ko sunansa ba a kira ba, shi da ya gyara musu rufin ɗakin taro kyauta. Na tashi tsaye na kira sunan da kaina, cikakke: Nicanor Zamudio. Fada ya ce amin. Ya zai yi?

Talata, 24 ga Yuni, da asuba

Ina cikin fasa ƙwai aka ƙwanƙwasa ƙofar baya. Na zaci su ne. Ashe Chelo ce, da rigar barci da silifas, ta rungumo tortiya a cikin tawul, masu zafi, sirara har kana ganin hannunka ta ciki.

"Na gaji da ganin kina naɗe abinci a wannan tortiyar kanti mai kama da kwali," in ji ta. "In za ki yi saɓo, ki yi shi a tortiyar kirki. Matsa."

Ta ture ni daga gaban kasko. Ina zubawa tana naɗewa. Hannunta ya fi nawa sauri, ba zan gaya mata ba.

"Wai wa ya koya miki wannan ɓarnar?"

Na ba ta labari. Shekarar farko da aurenmu Nicanor ya daina cin abincin kirki. Kewar gida ce, amma ni na zaci girkina ne ba ya so. Ran nan ya shigo da abarba a rungume kamar jaririya, ya ce a garinsu na bakin teku uwarsa tare da nama take soya ta. Na ce uwata ba ta taɓa yin wannan ƙazantar ba. Ya shiga kicin da kansa ya yi. Na zauna ina cika ina batsewa, na ɗanɗana don in samu abin zagi, na ci uku.

"Ka ji mayya," in ji Chelo. Ta ɗauki guntun abarbar da ta ƙone a gefen kasko ta jefa a baki, tana zaton ban gani ba.

Da za ta tafi ta ce ita ce ta kira Maritza. Na ce na sani. Ta ce in ta ga dama za ta sake kira. Na ce gobe ta zo da wuri.

Alhamis, 26 ga Yuni, da rana

Dole in rubuta wannan.

Wajen hantsi farar mota ta shigo a hankali, gilashi baƙi, ba rubutu. Ta wuce ni ta tsaya tsallaken titi. Ban tsaya tunani ba, na kwanta a kan ham. Na danna har karnukan unguwa suka ɗauka. Ta madubi na ga rufin tsohuwa wayam, sai guduma a kwance.

To yanzu fa? In zauna su zo su same ni? Na ɗauki burito ɗaya a kula, na fito, na tsallaka, na ƙwanƙwasa gilashi.

Aka sauke shi kaɗan. Su biyu ne. Na gaban sitiyari saurayi ne, fuskarsa irin tamu, da a coci na gan shi sai in ce ɗan wance ne.

"Mama, lafiya kike ta danna ham?"

"Ya lalace ne. In rana ta yi zafi haka yake yi. Kun karya?"

"Koma motarki."

"Da zafinsa. Sosej ne da ƙwai da abarba. Mijina ya bar rabin nasa ranar da kuka zo, na ce ko bai yi muku tayi ba ne."

Na kusa da shi ya ce in nuna katin shaidata. Na ce yana jaka, jaka na mota, in yana so ya fito rana ya raka ni. Na gaya masa sunan asibitin da aka haife ni da makarantar da na yi. Na ce in ya faɗa mini sunan uwarsa wataƙila ajinmu ɗaya.

Saurayin bai dube ni ba. Sitiyari yake kallo, kunnuwansa sun yi ja.

"Ba ma karɓar abinci, Mama."

"Ai ban ce ku karɓa ba."

Na ajiye shi a kan murfin injin motarsu, na juya na tafi a hankali. Sun ɗan jima, sannan suka ja mota. Buriton ya gangaro ya faɗi a kwalta.

Rigo da Lalo sai can suka ɓullo daga rafi, duk ƙaya a wandunansu. Lalo ya ce shi ya gama, ba zai ƙara zuwa ba. Ban ga laifinsa ba. Rigo ya dubi sama, gajimare sun fara taruwa ta kudu. Ya tofar da yawu ya hau tsani.

Juma'a, da asuba

Lalo ya zo. Na sa masa cuku fiye da na kowa.

Lahadi, 29 ga Yuni, da yamma

Na je na ga Nicanor. Maritza ta kai ni. An hana ni shiga da komai, ko ruwa.

Ta bayan gilashi muka yi magana da waya a kunne. Rigar da suka sa masa ta yi masa yawa, ko kuma shi ne ya ragu. Gemu ya fito fari fat. Ban san gemunsa fari ne haka ba, kullum da safe yake askewa.

"Kin yi kyau, tsohuwa."

"Kai ka yi muni."

"An gama rufin?"

"Saura kaɗan."

"Ki ce wa Rigo ya duba gefen bututun hayaƙi. Nan ne ruwa ke bi."

Muka yi ta maganar bututun hayaƙi. Maritza ta karɓi waya, ya yi ta yi mata waƙar da yake mata tana jaririya, har mai gadi ya juyo. Da na sake karɓa ya ce ba za a kai shi gaban alƙali ba, tsohuwar maganar mayar da shi da aka taɓa yi ta rufe wannan ƙofa. Ya ce in shirya.

Na ce ban san me ake nufi da shirya ba.

Laraba, 2 ga Yuli, da yamma

An gama. Rigo ya buga ta ƙarshe iska na neman ɗauke masa hula. Muna ɗora tsani a mota aka tsuge. Ruwan farko, mai ƙanshin ƙasa da itatuwan hamada. Misis Halvorsen ta jawo tukunyar iskarta har bakin ƙofa, tana ɗaga kai tana duba silin ɗaki bayan ɗaki. Ko ɗigo. Ta riƙe hannuna ta ce in gaya wa Mista Zamudio ya cika alkawari.

Lalo ya tsaya a tsakiyar titi ya buɗe hannuwa ruwa na dukansa, yana ihu. Shi da ko shara ba ya fitarwa.

Na jira waya in gaya wa Nicanor. Bai kira ba.

Juma'a, da rana

Bai kira ba. Ana ta harba wasan wuta na bikin ƙasa tun kafin duhu. Su sha bikinsu.

Asabar, da hantsi

Lauya ta ce an ɗauke shi daga can. Ina? Ba ta sani ba. Ta ce haka ake yi. Na ce wa ke yi? Ta ce in yi haƙuri. Kowa haƙuri.

Litinin, 7 ga Yuli, da asuba

Yau ban kunna wuta ba.

Litinin, da hantsi

Chelo ta shigo ba sallama ta same ni zaune a kicin. Ta dubi murhu, ta dube ni. Ta ɗauki abarbar ƙarshe a taga, ta riƙe ta nesa da jikinta kamar za ta cije ta.

"Ta ina ake fara yanka wannan abar?"

"Ajiye, za ki ɓata."

"Ai ɓatawa zan yi. In soya ta da dankali in kai wa Rigo in ce ke kika yi."

Na tashi na ƙwace wuƙar. Ta san abin da take yi, munafuka.

Alhamis, 10 ga Yuli, da yamma

Lambar da ban sani ba. Ba muryar inji a farko.

"Tsohuwa, ina Nogales. Ta wancan gefen iyaka."

A ƙasa na samu kaina zaune, ban san lokacin da na zauna ba. Ya ce da safe aka sauke su a mota aka nuna musu ƙofa. Yana wani masauki na 'yan coci, wayar wani ya ara. Ya ce kada in zo, in bari ya san inda kansa yake tukuna.

Na ce to. Na ajiye waya na aika Chelo kanti.

Juma'a, 11 ga Yuli, da yamma, Nogales

Mu uku muka yi aikin da asuba, ni da Chelo da Maritza. Muka cika kula biyu. Ban ma cire rigar girki ba na shiga mota. Tafiyar ba ta da nisa. Duk shekarun nan iyaka na nan kusa da mu, ban taɓa jin kusancinta ba sai yau.

Masaukin yana kan tudu, bayan wani gareji. Maza ne zaune a gindin bango, kowa da jakar leda a gabansa. Na wuce shi ban gane shi ba.

"Baiwar Allah, wa kike nema?"

Na juyo. Ya miƙe da ƙyar. Maritza ta riga ni isa. Ni na tsaya riƙe da kula, don in na ajiye ta ban san abin da zan yi ba.

"Na ce kada ki zo."

"Ka ce. Karɓi, hannuna ya gaji."

Ya buɗe, tururi ya bugi fuskarsa, ya rufe ido. Na zaci zai zauna ya ci. Sai ya ɗauki kular ya bi layin bango yana miƙa wa kowa, yana kiran sunayensu. Wannan daga Denver aka ɗauko shi, wancan matarsa na da ciki a Yuma. Kowa ya shiga tauna. Wani dattijo ya ci rabi ya naɗe rabi ya sa a aljihu. Nicanor ya ba shi wani, ya ce wancan na aljihu ne, wannan na ciki.

A nan na lura da tafiyarsa. Jan ƙafa yake yi, takalmin na faɗuwa a dunduniya. Na duba, ba igiya. Na dubi sauran, duk haka. Ashe ƙwacewa ake yi, kuma ba a mayarwa.

Da ya zauna ya ci nasa, sai ya fara. Wai ya yi tunani sosai. Wai in koma wurin Maritza, shi zai wuce Veracruz wurin ƙanwarsa, in riƙa zuwa lokacin Kirsimeti. Wai ba zai ja ni cikin wannan rayuwa ba, ni da ƙasata.

"Ka gama?"

"Ofelia, da gaske nake."

"Ni ma. Matar da ke kula da masaukin nan ta ce 'yar'uwarta na da ɗaki da kicin a ƙasan tudu. Maritza za ta kawo mini kayana ranar Lahadi. Gidanmu yana nan, Chelo na da makulli, in na ga dama in kwana can, in na ga dama in kwana nan. Su suka zaɓa maka gefe. Ni ba wanda ya isa ya zaɓa mini."

Ya dubi Maritza yana neman agaji. Ta ɗaga kafaɗa.

"Kada ka dube ni, Baba. Na gwada."

Na ce ya miƙo ƙafa. Na ciro wuƙa a kula, na yanke igiyoyin rigar girkina duka biyu. Na durƙusa a gabansa a kan siminti, duk mazan nan na kallo, na zura su rami bayan rami, na ja, na ɗaure tam. Masu furanni ne, ja da rawaya. Wani ya yi fito.

Ya miƙe ya taka, ya sake takawa. Takalmi ya zauna. Ya goge fuska da bayan hannu.

"To, shugaba. Yanzu sai ina?"

"Kasuwa. Mutanen nan za su karya gobe, kuma ƙwai ya ƙare."